TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI MALAM JAMES HENRY DORUGU, ƊAN MAKAƊI NA ƘASAR KANCE

A shafuffukan da suka gabata na wannan littafi na bikin cika shekara 50 na ikilisiyarmu, an ambaci fastoci da masu bishara da dattawa da iyayenmu mata waɗanda suka ɗauki nauyin wannan aiki tun yana ƙarami. Kwamitin biki ya ga ya dace a ƙara da tarihin wani mutum guda wanda bai taɓa zama tare da mu a sujada ba, gama ya rasu tun kafin a haifi mafi tsufa a cikinmu. Duk da haka, kowace Lahadi da mai karatu ya miƙe ya buɗe Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa, muna cin moriyar aikin da aka soma da bakin wannan mutum. Sunansa Dorugu. Bahaushe ne, maƙwabcinmu ne kuma, an yi masa baftisma a shekara ta 1857, wato shekara 46 kafin Turawa su ci Kano.

Akwai kuma wani dalili. Sau da yawa 'ya'yanmu sukan komo daga makaranta ko kasuwa da damuwa, wai an ce musu Bahaushe ba ya zama Kirista, addinin baƙi ne. Waɗansu kuma a cikinmu sukan yi mamakin yadda mutum biyu za su ji magana ɗaya a rana ɗaya, wannan ya karɓa, wancan ya juya baya. Rayuwar Dorugu ta taɓa waɗannan abubuwa duka biyu, domin ta nuna yadda gidan da yaro ya tashi, da hannuwan da suka riƙe shi bayan haka, suke shirya kunnensa tun kafin a zo masa da wata sabuwar magana.

HAIHUWARSA DA GIDAN DA YA TASHI

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Wanda ya tashi daga nan Yankwashi ya bi ta Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya wuce Matamaye, to ya shiga ƙasar su Dorugu ke nan. A zamaninsa babu wannan iyaka. Geron da suke ci shi muke ci, Hausar da suke yi kuwa ba za ta ba mutumin Babura ko Gwiwa wahala ba ko kaɗan.

Mahaifinsa manomi ne, makaɗi ne kuma. Kowa a cikinmu ya san matsayin makaɗi a ƙasar Hausa. Ba a ba shi babban wurin zama a zaure, amma babu taron da ake yi ba da shi ba. Yana wurin gayya, yana wurin biki da suna, yana ƙofar mai gari, yana dandali da dare. Ɗan makaɗi yakan bi ubansa waɗannan wurare duka, ya ga attajiri da talaka, malami da mai bori, ya koyi kirarin kowa da asalin kowa ba tare da allo ko takarda ba. Sana'a ce ta kunne da riƙon kai. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan saba da shiga cikin mutanen da ba irinsa ba, ya yi shiru ya saurara, ya riƙe abin da ya ji.

Muna da shaidar cewa Dorugu ya sami wannan gado. Bai wuce shekara 12 ba sa'ad da aka raba shi da gida, amma bayan shekaru, yana zaune a Ingila inda babu mai tuna masa, ya zubo tatsuniyoyi da karin magana da labaran garuruwa daga kansa, har suka cika babban sashe na littafi. Waɗanda suka yi masa tatsuniya da dare a Dambanas ba su san suna cika masa rumbu ba ne.

Game da addini, a ƙasar Damagaram ta wancan zamani Musulunci ya kafu a birni da fada da wurin fatake. A ƙauyuka kuwa manoma da yawa suna riƙe da al'adun kakanni, na tsafin gona da bori, waɗansu kuma suna haɗa biyun. Dattawanmu da suka fito daga gidajen Maguzawa ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Yaro a irin wannan ƙasa yakan buɗe ido ya tarar da hanyar bauta fiye da ɗaya a gari guda, wani lokaci ma a gida guda, kowa kuwa yana kiran sunan Allah. Jin cewa akwai wata hanya kuma ba zai razana shi ba kamar yadda zai razana wanda bai taɓa ganin kowace hanya ba sai ta gidansu.

KAMU DA FANSA

Zamanin ba na kwanciyar rai ba ne. Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa Kukawa, bayi kuwa su ne kuɗin wannan zamani. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda sarki yakan aika da mahaya su kai hari ƙauyukan da suke ƙarƙashin mulkinsa shi kansa, a kamo mutane a biya bashi da su. Cikin irin wannan hali aka kama Dorugu. Aka kai shi Zinder, daga can aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno a zamanin Shehu Umar, inda ya zama bawan wani Balarabe.

Shi wannan Richardson shi ne shugaban wani ƙaramin ayari da gwamnatin Ingila ta aiko daga Tarabulus a 1850, domin a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan Sudan, a kuma nemi hanyar tsai da cinikin bayi. Tare da shi akwai Jamusawa biyu, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, da Adolf Overweg, masanin duwatsu, wanda ake kira Tabib. Richardson ya rasu a hanya a watan Maris 1851, bai kai Kukawa ba. Sauran biyun suka isa. Dorugu ya shiga yi wa Overweg hidima, daga baya Overweg ya biya kuɗin fansarsa ya 'yanta shi. Haka kuma ya yi wa wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, wanda ya ɗan girme wa Dorugu. Za mu komo kan Abbega, gama ba a gane labarin ɗaya sai da na ɗayan.

A lura da wannan wuri da kyau. Overweg ba mai bishara ba ne, aikin da ya kawo shi aunen ƙasa ne da binciken Tafkin Chadi. Amma Nasara na farko da ya shiga rayuwar wannan yaro ya shigo ne a matsayin wanda ya cire kuɗi ya kwance shi. Ba kowane Nasara na wancan zamani ne haka ba. A waɗannan shekaru ɗin akwai masu amsa sunan Kirista a Amurka da Barazil da suke riƙe da miliyoyin bayi baƙar fata, suna zuwa majami'a ran Lahadi. Da a hannun ɗaya daga cikinsu Dorugu ya faɗa, da wata fuska dabam ya gani, da wuya kuma a ce zai taɓa son jin abin da yake cikin littafinsu.

Overweg bai daɗe ba. Zazzaɓi ya kashe shi a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba 1852, yana da shekara 30. Barth ya ɗauki samarin biyu.

MAKARANTAR HANYA

A watan Nuwamba 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Suka yada zango a Zinder, garin da aka taɓa shigar da Dorugu a matsayin kamamme, yanzu kuwa ya shiga yana ɗa. Suka bi ta Katsina, suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello kusa da Wurno, suka wuce Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Say a watan Yuni 1853, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853. Yaron da ake sa ran zai ƙare ransa tsakanin gonar ubansa da kasuwar Kance, ga shi ya ga fadar Barno da ta Sakkwato tun bai kai shekara 15 ba.

Abin da ya faru a Tambutu ya isa a tsaya a kansa. Kafin su shiga garin, Barth ya ɓoye addininsa a wani sashe na hanya, yana tafiya kamar Balarabe Musulmi, domin tsoron ransa. Da suka isa, gaskiya ta fito. Masu mulkin Masina, waɗanda Tambutu take ƙarƙashinsu a lokacin, suka aiko daga Hamdallahi cewa a ba da Nasaran nan, ko a kore shi. Wanda ya tsaya masa shi ne babban malamin garin, Shehu Ahmad al-Bakkay na zuriyar Kunta, shugaba a ɗariƙar Ƙadiriyya. Ya ƙi ba da baƙonsa, ya kafa hujja da shari'ar Musulunci kanta a kan haƙƙin wanda aka ba amana, ya fitar da shi zuwa zangonsa a bayan gari sa'ad da hatsari ya yi yawa. Wata takwas ana wannan ja-in-ja. A cikin waɗannan watanni Shehun da almajiransa sukan zauna da Barth su yi muhawara a kan addini, kowa yana riƙe da nasa, a tashi ba a ɓata ba. Da lokacin tafiya ya yi a watan Mayu 1854, Shehun da kansa ya raka su a bakin kogi har wajen Gawo.

Dorugu yana wurin duk wannan, yana hidima, yana saurare irin sauraron ɗan makaɗi. A ganinmu wannan ita ce babbar makarantarsa. Waɗanda suka kama shi suka sayar masu salla ne, wanda kuma ya sa ransa da mutuncinsa a kan baƙo Nasara shi ma mai salla ne, babban malami ma. Ya ga manya biyu masu addini dabam dabam suna gardama a kan abin da ya fi kome girma, ba wanda ya zare takobi. Yaron da ya ga haka da idonsa ya koyi cewa ana iya sauraron maganar addinin wani a auna ta, ba lalle sai an toshe kunne ko an ɗauki sanda ba. Mu da muke zaune da 'yan'uwa da surukai Musulmi a gida ɗaya da unguwa ɗaya, ya kamata sunan Shehu al-Bakkay ya zauna a bakinmu, mu riƙa faɗa wa 'ya'yanmu.

Suka komo Kano a watan Oktoba 1854, suka bi ta Gumel, a nan cikin jiharmu ta yanzu, suka koma Kukawa. A watan Mayu 1855 suka shiga hamada ta hanyar Bilma da Murzuk, suka kai Tarabulus a watan Agusta, suka isa Landan a farkon Satumba 1855. Barth ya kai su har Jamus, suka ga danginsa a Hamburg.

GIDAN SCHÖN DA BAFTISMA

Niyyar Barth ita ce ya mai da samarin ƙasarsu. Amma akwai wani fasto a Ingila da ya daɗe yana jiran irin wannan dama. James Frederick Schön Bajamushe ne da ya yi aikin mishan a Saliyo ƙarƙashin ƙungiyar C.M.S., ya kuma shiga tafiyar Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya soma koyon Hausa a wurin 'yantattun bayi Hausawa da ke Saliyo, har ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama fasto a asibitin sojojin ruwa a garin Chatham. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya ji ga Bahaushe a Ingila, sai ya nemi samarin su zauna a gidansa. Barth bai ji daɗin wannan ba, har abin ya zama saɓani tsakanin mutanen biyu, amma samarin suka zauna.

A nan aka juya al'amari. Tun ranar da aka kama shi, Dorugu shi ne mai koyon harshen wani da al'adar wani. A gidan Schön kuwa, dattijo mai shekara sama da 50 ne yake zaune da alƙalami yana tambayar yaro ɗan shekara 16 yadda ake faɗin abu da Hausa, yana rubuta abin da ya ce. Harshen da ya sha a nono, wanda ba shi da wata daraja a kasuwar bayi ta Kukawa, shi ne ya zama abin nema. Ya ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, Schön yana rubutawa. Ya ba da tatsuniyoyi. Ya bayyana abin da ya gani a Ingila, har da yadda Turawa suke zaman cin abinci, da idon mutumin da yake kallo yana aunawa, ba wanda ya ruɗe ba. Shi ma ya koyi karatu da rubutu.

Ta wannan hanya kuma ya sadu da Maganar Allah, aya aya, ana neman kalmar Hausa da za ta ɗauki kowace ma'ana. Wanda ya taɓa yin tafinta a majami'a ya san bambancin jin wa'azi da juya shi. Mai juyawa ba ya iya wuce abin da bai gane ba. Bisharar Matiyu ta fito da Hausa a 1857, Littafin Farawa a 1858, Littafin Fitowa a 1859. A tuna abin da yake cikin waɗannan littattafai biyu na ƙarshe: labarin Yusufu, saurayin da aka sayar wa ayarin fatake aka kai shi baƙuwar ƙasa, da labarin jama'ar da Allah ya fitar daga gidan bauta. Mu mukan koyi waɗannan labarai a makarantar Lahadi kamar abin da ya faru da waɗansu tun dā. Wanda ya taimaka aka sa su cikin Hausa da farko ya san igiya, ya san raƙumi, ya san ranar fansa.

A 1857 aka yi wa samarin biyu baftisma. Dorugu ya karɓi suna James Henry, Abbega kuma Frederick Buxton.

Aikin Schön ya ci gaba. Ya buga nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari cikakke a 1880, sa'an nan a 1885 littafin Magana Hausa, wanda a cikinsa labarin Dorugu da tatsuniyoyinsa suke. Gaskiya ce, fassarar tasu tana da rauni. Malamin bai zauna cikin Hausawa ba, mai taimakonsa kuwa ya bar gida yana yaro, saboda haka Hausar takan yi tauri a wurare da yawa. Sai da Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, tare da abokan aikinsa Turawa da Hausawa, suka sake aikin, har Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito a 1932. Amma mishan da suka zo daga baya da littattafan Schön suka soma koyon Hausa, Hausar da take cikinsu kuwa, yawancinta ta ɗan Dambanas ce.

ABBEGA

Wani zai ce, to ai yaro ne a hannun waɗanda suke ciyar da shi, a ƙasar da ba shi da kowa, me zai yi in ba ya bi addininsu ba? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata mu share ta ba. An yi irinta a kan yaran da suka tashi a makarantar mishan ta S.I.M. a Roni, an yi ta kuma a kan waɗanda suka ji bishara suna jinya a asibitin kuturta na Yadakunya. Babu shakka wanda ya riƙe yaro yana da iko a kan abin da yaron zai ji. Amma labarin Abbega ya nuna cewa riƙo kaɗai ba ya yanke magana.

Mutum ɗaya ne ya fanshe su. Hanya ɗaya suka bi zuwa Tambutu da Landan, gida ɗaya suka zauna, shekara ɗaya aka yi musu baftisma. Abbega ya komo Afirka tun a 1857, da fatan zai zama ma'aikacin bishara a bakin Kwara. Bai zama ba. Ya bar addinin Kirista ya rungumi Musulunci, ya yi aikin tafinta, ya yi suna a Lokoja har aka naɗa shi sarkin garin a zamanin kamfanin Turawa na Kwara. Jikansa Maimaina ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno.

Ba mu kawo wannan domin mu zargi Abbega ba, Allah ne mai sanin zuciya. Abin da muke iya gani da ido shi ne bambancin ƙasar da irin ya faɗa. Abbega ya zo gidan Schön da girmansa, ya zauna ƙasa da shekara biyu, aikin da ake yi a gidan kuma ba da harshen uwarsa ake yi ba. Ya koma wurin da ikilisiya ba ta riga ta yi saiwa ba, cikin jama'ar da aure da ciniki da girma duk suna tafiya ta wata hanya dabam. Dorugu kuwa ya shiga gidan yana kan tasowa, ya zauna a Ingila shekara tara, maganar kuma ta zo masa da Hausar da aka yi masa tatsuniya da ita. Abin da ya taho da shi daga gida, ba a ce masa ya zubar a bakin ƙofa ba, da shi ma aka yi aikin.

Wannan yana da magana a gare mu iyaye da malaman makarantar Lahadi. A cikin shekara 50 ɗin nan mun ga waɗanda aka yi musu baftisma a nan suka tsaya, mun ga kuma waɗanda suka tafi birni neman kuɗi, ko aure ya kai su wani gida, ba su komo ba. Kowane gida a cikinmu yana da sunan da zai iya ambata. Mukan ɗora laifin a kan jarabar duniya, ba ma cika tambayar kanmu da wane harshe muka ba yaron bangaskiyar ba, ko kuma wace fuska ya gani a gida daga Litinin zuwa Asabar. Manzo Bulus da ya yabi bangaskiyar Timoti, kakarsa da uwarsa ya fara ambata. Haka kuma idan muka je wa maƙwabci da bishara ya ƙi ji, mu tuna shi ma wani gida ne ya yi renonsa, da iyayen da yake ƙauna, da karatun da ya sha wahala a kansa tun yana ɗan shekara biyar. Ba taurin kai ne kullum yake hana shi ba. Dorugu sai da ya yi shekara biyar yana kallon halin Nasara kafin ya zauna a kan littafinsu.

KOMOWARSA DA RASUWARSA

Dorugu ya komo Afirka a 1864. Shi ma bai zama mai bishara irin wanda ƙungiyar C.M.S. ta sa rai ba. Ƙofar ƙasar Hausa ba ta buɗe wa mishan ba tukuna, ko ayarin Bishop Tugwell da ya kai Kano a 1900, Sarki Aliyu Babba bai bar su sun zauna ba. Dorugu ya ci abinci da harshensa, yana yi wa Turawa dabam dabam tafinta shekara da shekaru.

Ƙarshen aikinsa a Kano ya yi shi. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko ta ƙasar Arewa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, domin malamai da 'ya'yan sarakuna. Ba makarantar mishan ba ce, ba a koyar da addinin Kirista a cikinta, gama gwamnati ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba. Ana bukatar wanda ya iya rubuta Hausa da baƙaƙen boko, irinsu kuwa ba su da yawa a lokacin. Dorugu, yana da shekara wajen 70, ya zama ɗaya daga cikin malaman. Ɗan makaɗin da mahayan sarki suka kama aka sayar, shi ne ya zauna yana koya wa 'ya'yan sarakuna karatu. Gidan Ɗan Hausa yana nan tsaye a Nasarawa har yau, duk wanda ya je Kano yana iya zuwa ya gani.

Malam James Henry Dorugu ya rasu a Nasarawa a shekara ta 1912. A 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarin rayuwarsa zuwa Turanci suka buga shi tare da na Maimaina jikan Abbega, a littafi ɗaya. Uwargidan Vischer, Isabelle, wadda ta san shi a tsufansa, ta rubuta labarinsa cikin littafinta na tunawa da zamanta a Arewa. Bayan rasuwarsa, da aka buɗe kayansa, an tarar ya adana tabarau da tufafi da ya samu daga Turawan da ya yi wa aiki, da kuɗin da ya tara bai taɓa ba.